Riƙon karnukan mutane a gida a Ingila: wai sai da lasisi?

Maman Ishaku: Jama'a barkanmu da yamma. Ina da tambaya, amma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a fara yi mini dariya. Akwai wata tsohuwa Baturiya maƙwabciyarmu mai ɗan ƙaramin kare. Bara da aka kwantar da ita asibiti kwana tara ta roƙe ni in riƙe mata shi, na riƙe. Da ta fito ta damƙa mini ambulan, na ƙi karɓa, ta nace sai da na karɓa. To daga nan labari ya bazu a layinmu. Yanzu gida uku ne ke kawo mini nasu in za su yi tafiya, kowa yana ba ni fam 25 a kwana. Ni da ma a gida nake wuni, maigidan ne ke aikin nas, yara biyu suna makaranta. Babana mafarauci ne can gefen Pankshin, cikin karnuka na tashi, ba sa ba ni tsoro ko kaɗan. Jiya ɗaya daga cikin matan ta ce in ba ta lambar lasisina. Na yi tsuru-tsuru. Wane lasisi kuma? Kare ne fa, ba mota ba.

Ɗan Gusau: Anti, ke nan otal kika buɗe ba mu da labari? Ni ɗakin da nake haya ko fam 25 a kwana bai kai ba. Ashe kare ya fi ni gata a ƙasar nan.

Baban Iman: Ɗan Gusau bari ta samu amsa tukuna. Maman Ishaku, matar ta yi miki gata da ta tambaya. Tun 1 ga Oktoba 2018 akwai doka a Ingila kan sana'o'in da suka shafi dabbobi, tana ƙarƙashin babbar dokar kula da dabbobi ta 2006. Duk wanda yake ajiye karen wani a gidansa don a biya shi sai da lasisin kansul, wato ƙaramar hukumar yankinsa, ko kwana kare zai yi ko wuni kawai. Wanda aka kama yana yi babu lasisi, kotu na iya ɗaure shi har wata shida, tarar kuma ba a yanka mata iyaka ba. Ba don in tsorata ki ba, amma ki dakata da karɓar kuɗi har ki san inda kika tsaya.

Maman Ishaku: Wata shida? Kan kare? Yaya ka sa cikina ya ɗuri ruwa. Ai taimako nake yi.

Baban Iman: Na farkon taimako ne. Ranar da kika sa farashi ya tashi daga taimako. Abin da suke dubawa shi ne ko ana yi don riba, kuma suna ɗaukar fam 1,000 a shekara a matsayin ma'auni, wato adadin nan da hukumar haraji ta HMRC ke ɗaga wa masu ƙaramar sana'a ƙafa a kai. Kuma kuɗin da ya shigo hannunki ake ƙirgawa, ba abin da ya rage bayan kin sayi abinci da sabulu ba. Yi lissafi da kanki: fam 25 sau kwana 40, kin cika dubu. Gida uku, hutun bazara da na Kirsimeti, ai tuni kin tsallake.

Maman Ishaku: Na duba littafina. Na tsallake tun watan takwas.

Anti Talatu: Ƙanwata kwantar da hankalinki, sha ruwa. Ni wannan sana'ar nake yi, shekara ta huɗu ke nan, da lasisi a manne jikin bangon kicin ɗina. Ban taɓa faɗa a nan ba saboda na san bakin mutanenmu. Abin da zan fara gaya miki shi ne ki cire tunanin gida daga ranki, inda lasisi takarda ce, ka biya a buga hatimi ka wuce. Nan gidan naki ne za a auna, da ke kanki. Za ki cike fom, ki biya kuɗin nema, sannan jami'a ta zo ta shiga ko'ina. Tawa sai da ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin shingen baya ko akwai ramin da ƙaramin kare zai sulale. Ta buɗe durowar da nake ajiye magungunan wanki ta ga ko kare zai iya kaiwa. Ta danna na'urar jin hayaƙi ta ji ko tana ƙara. Ta tambaye ni ta wace ƙofa ake fita da kare, in an buɗe ta mene ne zai tare shi kada ya faɗa titi. Dole na sa ƙaramar ƙofar katako a baranda, ya zama sai an rufe ɗaya kafin a buɗe ɗaya.

Amma babban abin shi ne ɗakuna. Kowane kare sai an ware masa ɗaki nasa inda za a iya rufe shi shi kaɗai. Karnukan gida ɗaya ne kawai za su iya kwana tare, shi ma sai mai su ya sa hannu. Yawan ɗakunanki shi ke yanke yawan karnukan da za a rubuta miki a lasisi, ba yawan ƙarfinki ba. Gidanku ɗaki nawa ne?

Maman Ishaku: Ɗakin kwana uku, falo, kicin, da gareji. Garejin babba ne, babu komai ciki sai kekunan yara. Da ma can nake tunanin gyarawa in shimfiɗa musu katifu.

Anti Talatu: To a nan gizo ke saƙa. Gareji ba ya shiga lissafi, sai in an mayar da shi ɗaki sosai irin wanda mutum zai iya zama ciki. Rumfar katako ta waje ba ta shiga. Ɗakin gilas ɗin nan da suke liƙawa a bayan gidaje shi ma ba ya shiga, don da rani tanda ne, da hunturu firiji. Sannan ɗakin da yaro ɗan ƙasa da shekara 16 yake kwana, cire shi. Yaranki shekara nawa?

Maman Ishaku: Tara da shida.

Anti Talatu: Ɗaki biyu sun tafi ke nan. Saura falo, kicin, da ɗakinku ke da maigida. In jami'ar ta ga dama ta ba ki uku, in ta ga kicin ɗin ya yi ƙunci ta ba ki biyu. Kuma tunda akwai yara sai kin rubuta yadda za ki kare su daga karnukan, ki kuma kare karnukan daga su. Kada ki yi dariya, na biyun sun fi damuwa da shi.

Ɗan Gusau: Wato maigida ya dawo daga aikin dare a gajiye ya tarar da kare kan filonsa, kuma kare ne ke da takarda.

Hajiya Babba: Ni fa duk wannan bayani bai shige ni ba. Mu da aka rene mu kare bai wuce zaure, yau a ce falo, kicin, har ɗakin kwana? Inda ake dafa abinci? 'Ya'yan nan, neman kuɗi ai da kunya da tsafta. Ba ga gyaran gashi ba, ba ga ɗinki ba, ba ga dambun nama da ake rububinsa a nan ba?

Maman Ishaku: Mama na ji, kuma na gode. Mu a gidanmu ba haramun ba ne, kuma kicin ɗina in kin zo za ki ci tuwo a ƙasa. Dambun naman ma ai sai an yi rajista da kansul ɗin kafin a sayar, su zo su duba kicin. Babu inda za a gudu musu.

Ummu Sadik: Tunda an taɓo wajen, ni ma na daɗe ina son tambaya. Ina zaune da digirina ba aiki, ina kallon Turawan unguwarmu suna neman mai riƙe musu. Malam, ga Musulma yaya abin yake?

Malam Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. A gajarce, don kada mu karkatar da zancen baiwar Allah. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallagi a ciki bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauke shi najasa mai nauyi. Amma tsarki daban, ajiyewa daban. Hadisi ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gadin gona ba, ana rage masa lada kullum, haka ma maganar mala'iku ba sa shiga gidan da yake. Ke kuma dokar nan da ake karanto mana cewa take lallai cikin ɗaki za ki sa shi, ba waje ba. Kin ga wurin da suka yi karo. Tausaya wa kare kam ba laifi ba ne, an gafarta wa mutum don ya shayar da shi ruwa. Ki zauna da malamin da ya san halin da kike ciki, kada ki ɗauki fatawa daga rubutun waya, har da nawa.

Shugaban Zaure: Malam ya rufe wannan babin da kyau. Wanda ke da ƙarin bayani na addini ya bi shi ta gefe. Mu koma kan lasisi.

Dokta na Vom: Bari in sa baki ta ɓangaren lafiya, don nan ne masu farawa ke tuntuɓe. Mu a gida in an ce rigakafin kare, allurar ciwon hauka kawai muke nufi, ita muka yi ta bugawa. Nan kuwa ba ita ce damuwar ba, tsibirin ya daɗe da rabuwa da cutar a jikin karnuka, sai mai fita da karensa waje ke nemanta. Abin da za ki nema a katin kowane kare kafin ya taka gidanki shi ne rigakafin fabo, mai sa gudawar jini ta kashe kwikwiyo cikin kwanaki, da distemfa mai taɓa numfashi da jijiyoyin kare, da ciwon hanta, da lefto wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓera, ita har mutum tana kamawa. In allurar farko ce, sai ta yi sati biyu da kammalawa kafin ki karɓe shi. Fabo tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Kare ɗaya mai ita ya yi kashi a filinki na baya, kin gama sana'a na dogon lokaci.

Sai kin yi rajista da asibitin dabbobi na kusa da ke, kuma ki nuna inda za ki keɓe kare in ya kamu da ciwo cikin dare. Yawanci takarda ake karɓowa daga asibitin cewa sun yarda su karɓa. Ki rubuta lambar ɗan ƙwayar na'urar nan da ake sa musu ƙarƙashin fata, tun Afrilu 2016 ta zama dole ga kowane kare. Sannan ki buɗe ido kan irin karen. Akwai waɗanda dokar 1991 ta haramta, kuma tun Fabrairu 2024 mallakar XL Bully sai da takardar izini ta musamman. Wanda ya kawo miki ƙato mai faffaɗan kai ya ce ai lafiyayye ne, ki ce masa ɗakunanki sun cika.

Anti Talatu: Dokta ya faɗi gaskiya. Rabin sana'ar rubutu ne. Kowane kare da fayil ɗinsa: abin da yake ci, sau nawa, maganinsa, wanda za a kira in ba a samu mai shi ba, ko an yarda a kwance masa igiya a fili, ko an yarda ya haɗu da karen wani gida. In za su haɗu, sai an fara kawo shi gwaji kin ga yadda suke kallon juna, kin rubuta. Takardun kuma shekara uku za ki ajiye su. Keji ma ba a sa kare sai in da ma ya saba da shi a gidansu kuma mai shi ya yarda, shi ma kada ya wuce awa uku a yini.

Abin da ya fi cin raina kuwa babu wanda ya gaya mini shi tun farko. Ba a barin su su kaɗai fiye da awa uku cikin awa 24. Ki zauna ki yi tunanin wannan da kyau. Sujadar Lahadi in ta yi tsawo, biki a Manchesta, zuwa kasuwar 'yan Afirka a wani gari, kai yaro asibiti a zauna layi. Bikin ɗiyar aminiyata a waya na kalle shi, ina zaune da karnuka uku. Kuma sai kin ba da sunan wani mai riƙe da makullin gidanki wanda zai iya isowa cikin kamar rabin awa in wani abu ya faru. Lokacin da kowa ke hutu, lokacin ne aikinki, don lokacin ne masu karnukan ke tafiya.

Maman Ishaku: Ni da nake shirin zuwa gida Disamba.

Anti Talatu: Disamba da Agusta su ne kakarmu. Wadda ta tafi gida lokacin girbi sai ta ci labari.

Na Gilasgo: A lura, duk abin nan na Ingila ne. Mu a Sikotland ajiye dabbobin mutane har yanzu tsohuwar dokar 1963 ake bi, kansul ce dai ke ba da lasisi amma sharuɗɗan da tsarin ba iri ɗaya ba ne, babu maganar taurarin nan. Kada wani ya kwafi fom ɗin Lids ta Ingila ya kai Gilasgo ta Sikotland.

Ummu Sadik: Waɗanne taurari kuma?

Anti Talatu: Maki ne, daga ɗaya zuwa biyar, kamar na gidajen abinci. Shi ke nuna tsawon lasisin. Sabon shiga ba shi da tarihi a wurinsu, don haka ko me ya yi ba zai samu biyar ba. In ya cika sharuɗɗan dole kawai, tauraro biyu, shekara ɗaya. In ya haura zuwa manyan sharuɗɗa, irin su fita da kare yawo sau biyu a rana, kowanne aƙalla minti 20, sai ya samu huɗu, shekara biyu. Biyar ita ce shekara uku. Ni da biyu na fara, na ji haushi kamar an kayar da ni jarrabawa. Kuma a tsakani za su faɗo miki ba sanarwa. Ni ranar da suka zo ina tsakar dama kunu. Kuɗin kuwa kowace kansul da nata, garin da ke maƙwabtaka da ku ma zai iya bambanta sosai, sai ki duba shafin taku. Sukan ɗauki har sati goma kafin su ba da amsa, sabuntawa ma sati goma kafin ya ƙare ake nema. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Gusau: To ni ga dabara. Akwai manhajoji irin su Rover, ka yi rajista su turo maka masu karnuka. Ai su ke da lasisin, ko? Ina da dogon hutu, in ɗan taɓa.

Baban Iman: Kai kam ka ajiye wannan dabarar inda ka ɗauko ta. Na farko, manhaja ba ta ɗauke wa kowa lasisi, gidan da kare zai kwana shi ake dubawa. Na biyu, tun Janairu 2024 irin waɗannan manhajoji suna tattara bayanan abin da mutane ke samu suna miƙa wa HMRC. Na uku, wanda ya fi duka, bizar ɗalibi gare ka, kuma ta hana sana'ar kai gaba ɗaya, ko ta fam biyar ce. Awa 20 ɗin da bizar ta ba ka a sati na aiki ne ƙarƙashin wani. Kada kare ya mayar da kai Gusau ba digiri. Maman Ishaku ke kuma taki mai sauƙi ce, wadda ta biyo miji mai bizar aiki tana iya sana'ar kanta, amma ki duba abin da ke rubuce a taki. Ki kuma yi rajista da HMRC kafin 5 ga Oktoba mai bin ƙarshen shekarar harajin da kika wuce dubun.

Sai dai akwai tambayar da tun ɗazu nake jira wani ya yi. Gidan naku ne ko haya?

Maman Ishaku: Haya ne.

Baban Iman: To kafin ki biya kansul ko sisi, ɗauko takardar hayar ki karanta. Yawancinsu suna da layin da ya hana ajiye dabba da layin da ya hana yin sana'a a gidan sai da izini a rubuce. Ke biyun kika haɗa. Kansul da yawa ma sukan nemi ganin yardar mai gida, kuma kuɗin nema in an ƙi ki ba kasafai yake dawowa ba. Mai gida shi ne ƙofar farko, ba kansul ba.

Anti Talatu: Ni shi ya sa sai da muka sayi namu na fara, shi ma sai da na sanar da bankin da ya ba mu bashin gidan da kamfanin inshora. Inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan cizon karen da kika karɓi kuɗi a kansa, akwai ta sana'ar daban. Sannan maƙwabta. Akwai wani da ke bayanmu, shekarata ta farko ya yi ta rubuta lokacin da kare ya yi haushi a littafi, da minti da sakan, ya kai ƙara. Da jami'in ya zo lasisina ne ya cece ni, ya ga komai a rubuce, ya ce in daina fitar da su kafin bakwai na safe, magana ta mutu. Da ba ni da shi fa? Ke yanzu duk layinku sun san kina yi. Mutum ɗaya ya isa.

Maman Ishaku: Na ɗauko takardar. Layi na 14 da na 22, kamar Yaya ne ya rubuta su. Na tura wa ejan mai gidan saƙo, amma mutumin da ya yi wata biyu kafin ya gyara mana famfo ban sa rai ba. Abin da ke damuna tsohuwar nan ce. Za a sake yi mata aiki a gwiwa wata mai zuwa, ba ta da kowa, ɗanta yana Ostareliya, kuma karen ba ya cin abinci a hannun kowa sai ni. In ce mata me?

Dokta na Vom: Ki ce mata ta ba ki makulli. Dokar ta shafi kare da aka kawo gidanki ne. In ke kika je gidan mai shi kika ba shi abinci, kika fita da shi, ko kwana kika yi can, wannan ba ya buƙatar lasisin. Yawo da karnuka ma haka, sai dai wasu wuraren shaƙatawa, irin manyan lambunan sarauta na Landan, suna da nasu izinin ga masu yi don kuɗi, wasu kansul kuma sun ƙayyade yawan da mutum ɗaya zai ja. Inshora da haraji suna nan, amma babu mai ƙirga miki ɗakuna. Tsohon kare ma ya fi samun natsuwa a inda ya saba.

Ummu Sadik: Malam, ka ji wannan? Ba a gidana ba ke nan.

Malam Ɗan Zariya: Na ji. Tambayar ta canza, amsar ma za ta iya canzawa. Har yanzu dai je ki zauna da malaminki.

Hajiya Babba: In dai ba a kicin ba ne, ni na yi shiru. Amma ki wanke hannu kafin ki kawo mini tuwon.

Maman Ishaku: Ejan ya amsa, abin mamaki cikin awa ɗaya. Ya ce a'a, kuma yana so ya san ko akwai dabba a gidan yanzu. Allah ya taimake ni na Misis ɗin lamba 9 ya tafi shekaranjiya. Na je wurin tsohuwar da yamma, ta ba ni makulli biyu, ta nuna mini inda take ɓoye biskit ɗinsa. Anti Talatu, sauran gida biyun in turo miki su? Ɗaya yana da kwikwiyo ɗan wata biyar, yana cin takalmi.

Anti Talatu: Turo mai babban. Mai cin takalmin sai na ga katin allurarsa tukuna.